Yaro Ɗaya, Uba Uku, a Hanyar Madawa

Tun da na dawo Keita kwashe sauran kayan aikina ban samu na zauna lafiya ba. In na je masallaci a tare ni, in na je kasuwa a tare ni, har mai fura sai da ta riƙe ludayi ta ce ba ta dama mini sai na gaya mata yadda Madawa take da yadda ƙasar Ingilishi take. Abin da ya fi ba ni haushi, taubashina Kafaran Aliyo ya riga ni dawowa da kwana tara, kuma duk wanda ya san Kafaran ya san kwana tara sun ishe shi ya gina labari har ya yi masa rufi. Saboda haka zan faɗa sau ɗaya, daga tashi har sauka, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Ni baduku ne, Shaibu sunana. Damina uku ke nan korama na cin gonata, kowace shekara ta ɗebi yanki ta tafi da shi, har abin da ya rage bai fi wurin shanya fata ba. A Madawa kuwa ana neman mai gyaran sirdi da ɗinkin takalma, fatun jar akuya ga su nan ba iyaka. Na samu fili a wata tunga a gefen gari, ta hanyar Galma, na kafa bukka biyu tun da rani. Abin da ya rage shi ne maganar yaron.

Yaron ɗan farina ne, shekararsa goma sha ɗaya, kuma sunan mahaifina aka sa masa. Kun san yadda abin yake a wurinmu. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cewa "ɗana" a gaban mutane ba, ko yana jariri ban ɗauke shi ba. "Kai" nake ce masa, in kuma zancensa nake yi in ce "wancan". Shekara uku da suka wuce aka sa shi cikin yaran da ake kaiwa lakwal, makarantar bokon Faransa, muka yi zugum a gida kamar an yi mutuwa, shi kuwa ja'irin ya je ya ji daɗin abin. Bana malaminsu, da suke ce wa mushe, ya kira ni ya ce azuzuwan da ke wurinsa sun ƙare wa yaron, kansa kuma yana ja, dole ya ci gaba. In na sa aka rubuta shi a wata lakwal inda zan koma kafin a buɗe karatu da kaka, shi ke nan. In ban yi ba, gardi, ɗan sandan hukuma, zai zo ya kai shi Tawa, can zai kwana can zai tashi.

Da na kawo wa uwarsa Zali wannan magana, ba ta ko ɗago kai daga turmi ba.

"In anka kai shi Tawa, ni ba ni zuwa Madawa," in ji ta. "Ka tahi kai da bukkokinka."

Wanta kuma, Malam Garba, da ke zaune a ƙasar Ingilishi, tafiyar yini biyu kudu da Madawa, ya aiko cewa a kawo yaron wurinsa, makarantarsu ta fi. Ni kuwa ba na sayen fata sai na ja ta, na shinshina, na ɗaga ta a rana. Na ce zan je in ga ta Madawa, in ga ta Ingilishi, sannan in zaɓa.

Sai dai mutum ba ya shiga gari yana tambayar inda zai sa ɗan farinsa, sai ka ce wanda ba a yi wa tarbiyya ba. Dole a samu mai magana, shi ya sa na ɗauki Kafaran. Ɗan gwaggona ne, ya dawo daga yaƙin Jamus bara da takalman soja da wata ƙatuwar riga, da Faransancin da har yau ban ga Bafaranshen da ya amsa shi ba. Mushe ya ba mu takarda mai hatimi, mai ɗauke da sunan yaron da nawa da shaidar karatunsa. Na ce wannan ba abin sawa a aljihu ba ne. Na zauna yini guda na ɗinke ta cikin jar fata mai laushi, na yi mata ado, na shafa mata mai ta sha sosai don kada ruwa ya shiga, na rataya masa a wuya. Duk wanda ya gani sai ya yaba aikin.

Muka tashi da jakai biyu bayan sallar asuba. Hanyar Buza kun san ta, dutse ne bisa dutse. Kafaran ya ɗaura takalmansa a ka, yana tafiya ba takalmi, sai mun hango gari ya ce a tsaya, ya zauna ya sa su, ya shiga gari yana taku ƙwas ƙwas, in mun fita ya tuɓe. Na ce masa ban taɓa ganin mutumin da ke yi wa takalminsa dako ba sai shi.

"Baduku, kai mi kas sani?" ya ce. "Takalmin ga ya ga teku. Kai ko Ƙwanni ba ka gani ba."

A Buza muka sauka a zauren sarkin dukawa, dattijo mai fara'a da kunne ɗaya da ba ya ji. Aka kawo fura mai kauri da nono har ludayi na tsayawa a ciki, muka sha muka yi hamdala. Muna nan sai ga wani makiyayi ya shigo, ya ji an ce an yi baƙon soja mai jin Faransanci. Ya ciro wata takarda daga cikin rawaninsa, ya ce wata biyu ke nan da aka ba shi ita a ofishin kumandan, Baturen mulki, tun ranar bai yi barcin kirki ba, yana jin sammaci ne. Kafaran ya karɓa, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya yi gyaran murya, ya ce hasken zauren bai ishe shi ba. Sai ya miƙa wa yaron.

Yaron ya karanta tiryan-tiryan, ya ce takardar shaida ce cewa an yi wa shanunsa allura, babu abin da ake nema a wurinsa. Zauren ya kece da dariya, makiyayin ya rasa inda zai sa kansa don murna, yana ta shafa kan yaron.

"Kai, wanga yaro! Ɗan wa na?" in ji sarkin dukawa.

Na dubi bango. Da bango na da ido da mun saba a wannan tafiya.

"To, ai kun gani," in ji Kafaran, yana shafa gemu. "Kaina ya ɗauko."

Da yamma aka yanka kaza don uban yaro mai ilimi. Kafaran ya ci cinya biyu, ni ɗan rakiya aka ba ni wuya. Gaskiya zan faɗa, na ji daɗi har cikin raina da yadda yaron ya karanta takardar nan, kuma na ji haushi har cikin raina, duk a zama ɗaya. Daga ranar Kafaran ya zama uba, kuma ya riƙe muƙamin da hannu biyu.

Kwana biyu daga nan muka shiga Madawa. Garin tabarma ne, ko'ina ka duba mata na saƙar kaba, albasa kuma har jaki ya ƙi kallonta. Kilishinsu yana da daɗi, wannan ba zan hana su ba. Tungar da zan zauna kuwa ba gari ba ce ba ƙauye ba. Mutanen gari na ce mana ƙauyawa, mutanen Galma na ce mana 'yan birni, kowa dai ya samu wanda zai rena. Amma da safe in iska ta juyo ana jin ƙarfen lakwal daga ƙofar bukkata, yaro zai iya shan kununsa ya isa kafin a shiga aji.

Na je na dubi lakwal ɗin yadda nake duban fata. Ana hutu, diraktar, shugaban lakwal ɗin, ya tafi ganin gida, sai wani tsohon mai gadi muka tarar yana shanya kuɓewa a kan tebur ɗin mushe. Na ƙwanƙwasa bango, na leƙa rufi, na ja guga na ɗanɗana ruwan rijiya, ga shi da ɗan zartsi. Na tambaya a nuna mini bulala, ya nuna, na ga ba ta kai wadda aka yi mini renon ta ba. Sai na hango wani ƙashi rataye a ƙusa da igiya.

"Wannan hwa?"

"Muƙamuƙin jaki na," in ji mai gadi. "Sambol suka ce mishi. Yaron da yay yi Hausa cikin lakwal, shi aka rataya ma a wuya, sai ya kama wani ya ba shi."

Na juya na dubi yaron, ya kawar da kai, na gane shi ma ya sha rataya irinsa a tsohuwar lakwal ɗinsu bai taɓa faɗa a gida ba. Raina ya ɓaci. Na ce mu tafi mu ga na Ingilishi, in su ma ƙashin jaki suke rataya wa 'ya'yan mutane sai in san duniya ta ƙare.

Muka bi ta Bangi muka nufi kudu. Masu tambayata yadda iyaka take, babu kogi babu katanga. Rumfa ce guda da tuta, da ɗan duwan mai binciken kaya, shi da gardi suna gasa masara. Geron wannan gefe da na wancan duk uwa ɗaya uba ɗaya. Na tambayi wani manomi inda Faransa ta ƙare, ya nuna mini wani gawo, ya ce akuyarsa a Faransa take kwana, a Ingilishi take kiwo, kuma har yau ba a tambaye ta takarda ba.

Mu dai an tambaye mu. Ɗan duwan ya lalube mangala bai ga komai ba, sai idonsa ya faɗa kan jar fatar da ke wuyan yaron. Ya ce wannan ta yi wa laya girma, a buɗe. Da hannuna na sa wuƙa na farke ɗinkin da na yini ina yi. Na zaro takardar. Man da na shafa ya ratsa fata ya shige ta, ta yi sharaf, ana hango rana ta cikinta. Tawada ta baje, sunan yaron da nawa duk sun zama baƙin tabo guda, hatimi kaɗai ya tsira da wasu lambobi a ƙasa.

Kafaran ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

"Baduku ya jeme takarda! Wallahi ya jeme ta! Saura ka ɗunka muna takalmi da ita!"

Ɗan duwan ma ya dara, ya ce mu wuce, wannan ba kayan fasa-ƙwauri ba ne, kayan miya ne. Yaron ya miƙa hannu. Ya karɓi takardar, ya daɗe yana dubanta, ya ninke ta a hankali ya sa a aljihu. Da ya yi kuka da ya fi mini sauƙi.

Ba mu yi nisa da shiga ƙasar Ingilishi ba muka ji ƙugin mota. Kafaran ya ce kowa ya koma hannun dama, haka dokar hanya take, shi ya yi tafiya a mota har ta ishe shi. Muka koma dama. Motar ta taho ita ma ta nan gefen, tana ta ƙaho. Jakai suka yi cikin gonar wake da kaya da komai, ƙwaryar furarmu ta fashe, direba ya leƙo yana ihu, "'Yan Faransa, sai kun kashe kanku!" Ashe su can hagu suke bi. Kafaran ya karkaɗe rigarsa ya ce dama ya sani, Ingilishi komai a juye suke yin sa.

Malam Garba ya karɓe mu hannu bibbiyu. Mutanen can suna da tufafi, wannan shi ne abin da ya fara tsone mini ido. Mu shekarun yaƙi sun bar mu da faci bisa faci, su ko mai kora jaki riga gare shi har ƙasa. Goro kuwa guda-guda suke miƙa wa baƙo, ba su san a fasa a raba ba. Aka kawo tuwon shinkafa da wata miya ja wur kamar ruwan karan dafin da nake rina fata, na tsaya ina kallo sai da na ga Malam ya kai loma sannan na sa hannu. Manja ne, kuma ba laifi. Amma furarsu, Allah ya ba su haƙuri. Ruwa ne aka nuna wa gero daga nesa, aka zuba barkono don a rufe zancen.

Washegari aka kai mu makarantar, kuma ba zan yi ƙarya ba, ta burge ni. Babban malamin ɗan ƙasa ne, da rawaninsa, da tabon salla a goshi. Yara na zaune a inuwa suna ƙidaya da Hausa, da ƙarfinsu, babu mai tsoron a rataya masa ƙashin komai. Ruwan rijiyarsu garai, sai da na sha sau biyu. Malamin ya gwada yaron da lissafi, ya amsa daidai, sai dai da Faransanci lambobin ke fito masa, yara suna ta ƙyaƙyata dariya. Aka tambaye shi yadi, ya ba da amsa da mita. Malamin ya ce kai akwai shi, amma sai ya koma wurin ƙanana ya faro, in ya gama kuma babbar makaranta tana Sakkwato. Duk da haka zuciyata ta karkata can. Na ce a raina Zali ba za ta ƙi ba, tunda gidan wanta ne.

Bayan la'asar muna zaune a ƙofar gida Malam Garba ya kawo abin da ya rage.

"Abu guda na, Shaibu. Ba su rubuta yaron da ubanai ke ƙasar Faransa. Amma wanga mai sauƙi na, sai a rubuta shi ɗana. Wa zai tona?"

"A'a, Malam, bi a hankali," in ji Kafaran. "Ni ad da shi tun Buza. Har kaza na ci."

Suka yi ta raha, wannan ya ce nasa ne, wancan ya ce nasa ne, maƙwabta na taya su. Yaron na gefen kawunsa yana wasa da tsinke a ƙasa. Ni ina zaune kamar buhun da aka ajiye. Kowa a duniya yana iya buɗe baki ya ce yaron nan nasa ne, ban da ni. Sai na ce gobe da asuba za mu koma.

"Subhanallahi! Mi kag gani ga makarantar?" in ji Malam.

"Hurarku ta cika ruwa," na ce. Abin da ya zo bakina ke nan, kuma har yau bai yafe mini ba.

A hanyar komawa, bayan mun wuce gawon nan, Kafaran ya yi abin da ni ban iya yi ba. Ya tambayi yaron wacce yake so. Ina bayansu, na tsaya kamar ina gyara igiyar mangala.

"Ta Madawa, Baba Kafaran."

"Da ƙashin jakin da komi?"

"Ƙashin ba shi da nauyi. Can in an tashi lakwal ina iske shi shina aiki, in riƙe mishi hwata."

Igiyar nan lafiyarta lau, amma na daɗe ina gyaranta.

Ranar rubuta yara muka isa lakwal da hantsi. Iyaye sun yi layi har bakin hanya, yawancinsu gardi ne ya kawo su, fuska a murtuke, mu kaɗan ne muka zo da ƙafarmu. Diraktar ya dawo. Gajeren mutum ne daga Dahome, da tabarau, da ƙaton littafi a gabansa, Hausarsa ta kasuwa ce amma tana kai shi inda yake so. Muna layi muka ji dokarsa. Wuri ya yi kaɗan, ba ya ɗaukar yaro sai wanda ubansa ke zaune a ƙasar Madawa. An kuma sha kawo masa ɗan wani da sunan wani, don haka uba yake so ya gani da idonsa.

Da aka zo kanmu Kafaran ya buga takalmi ya sara, ya saki Faransanci kamar an fasa tulu. Diraktar ya saurara, ya saurara, ya ce da Hausa, "Kai ne uba?" Kafaran, da bakinsa ya saba tun Buza, ya ce shi ne. Don ƙarin girma kuma ya zaro littafinsa na soja ya ajiye a tebur, ba wanda ya tambaye shi. Diraktar ya buɗe ya karanta.

"Keita," ya ce. "Keita ƙasar Tawa. Uba Keita, yaro Tawa. Na gaba."

Nan Kafaran ya rikice. "A'a, Mushe, tsaya! Ba ni na haihe shi ba. Ga ubanai nan, shi Madawa shike zaune."

Diraktar ya cire tabarau ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ɗazu kai uba. Yanzu shi uba. Gobe wa?" Ya miƙa hannu ya ce a ba shi takardar tsohuwar lakwal. Yaron ya ciro ta. Diraktar ya riƙe ta da yatsa biyu, ya shinshina, ya ajiye ta can gefe. Ya tambayi yaron sunan ubansa. Yaron ya sunkuyar da kai, don mun yi masa tarbiyya, yaro ba ya kama sunan ubansa a gabansa. Sai mutumin ya juyo gare ni.

"Kai. Yaron nan naka?"

Mutum ya fi talatin a bayana, dattawa da furfura a cikinsu, mutanen garin da zan zauna in yi sana'a a cikinsa.

"Na gidanmu na," na ce.

"Sunansa?"

"Mai sunan tsoho na."

"Tsoho wane?"

Na dubi bango.

Wani dattijo daga layi ya yi gyaran murya. "Mushe, ɗan hwari na. Ba a hwaɗi. Hakanan muka iske." Sauran suka ce ƙwarai, hakanan ne, har da masu cewa madalla da mutum mai kunya.

"Littafi bai san kunya ba," in ji diraktar. "Mutum bai iya faɗin sunan yaro, ban rubuta shi uba. Na gaba."

Muka fito. A gindin bedin da muka ɗaure jakai na sauke wa Kafaran duk abin da na tara tun Buza, da kazarsa, da takalmansa, da littafin sojan da ba a tambaye shi ba. Shi ma ya sauke mini nawa, ya ce ba shi ya jiƙa takarda da mai ba. Muna cikin haka yaron ya kwance jaki ɗaya, ya naɗe igiyar a hannu, ya matso kusa da Kafaran ya yi magana ƙasa-ƙasa, yana jin ba zan ji ba.

"Baba Kafaran, ku bari hakanan. A kai ni Tawa, ba komi. Kar a sa shi abin da bai iyawa gaban mutane."

Yaro ɗan shekara sha ɗaya ya yarda ya rabu da uwarsa, ya tafi garin da bai san kowa ba, don ya rufa wa ƙato kamata asiri. Kunyar da na ji a gindin bedin nan ta fi wadda na guda a gaban tebur nesa ba kusa ba.

Na koma, na ratsa layi, wani ya ce baduku bi sannu, ban kula shi ba. Na tsaya a gaban tebur.

"Mushe, rubuta. Ɗana na. Ni na haihe shi. Ni Shaibu baduku, tungar hanyar Galma nike zaune, bukka biyu, a tambayi mai unguwa."

Ya ɗago kai. "Sunansa?"

Na faɗa, amma ko ni ban ji abin da na faɗa ba.

"Ban ji ba."

Haushi ya kama ni, na manta da dattawa da furfurarsu, na buɗe murya yadda ake kiran mutum daga wancan gefen gona.

"Asumanu!"

"Na'am, Baba!"

Daga can gindin bedi ya amsa, kafin in rufe baki. Na waiwaya sai ga shi ya taho a guje, ya saki jaki ya saki igiya, ya tsaya a gabana yana haki yana jiran in faɗi abin da na kira shi ya yi.

Dattijon nan ya sa hannu ya rufe baki. Diraktar ya dubi yaron, ya dube ni, bai ƙara tambayar komai ba, ya tsoma alƙalami a tawada ya rubuta.

"Wa yak kira ka?" na ce wa yaron. "Tahi ka kamo jakin da kas saki."

Ya juya ya tafi, yana ta ƙoƙarin haɗe bakinsa ya ƙi haɗuwa, har ya yi tuntuɓe da dakalin ƙofa.

Yau yana aji, a hannun mai unguwa na bar shi, Zali ta ɗaure kayanta, jibi za mu tashi. Sunan kuwa ban sake faɗa ba, kuma ba na jin zan sake. Amma ni na ɗauka kunyar nan tawa ce ni kaɗai, ba ta taɓa kowa. Sai da na ji saurin da ya amsa na gane shekara goma sha ɗaya ke nan yaron yana kasa kunne.